Daga Taswira Zuwa Tsaunin Mambila

Akwai wani irin sani da malamin makaranta kan riƙe shekara da shekaru yana raba wa yara, alhali shi kansa a takarda ya tsince shi. Darasin labarin ƙasa ya fi kowane darasi tara irin wannan sani. Malami kan tsaya gaban allo ya zana kogin Binuwai da rassansa, ya faɗa wa ɗalibai cewa dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya shi ne Chappal Waddi, mai tsawon mita 2,419, ɗalibai su haddace, su rubuta a jarrabawa, su ci. Gaskiya aka koya musu. Sai dai daga malamin har ɗaliban babu wanda ya san irin sanyin da ke kan dutsen, ko harshen da aka raɗa masa suna da shi, ko mutanen da ke kwana a gindinsa.

Wani dattijo a birnin Kano ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da wannan darasi, da farko a kwalejin horon malamai, daga baya a makarantun sakandare, har ya yi ritaya bai taɓa wuce Bauci ta gabas ba. Da likita ya shaida masa cewa jininsa ya hau, kuma yana ta fara rufe masa idon hagu, sai ya tara iyalinsa ya ce akwai bashi guda da yake so ya biya tun yana iya zaman mota. Yana so ya ga gandayen daji na ƙasa da ke kan duwatsun iyakar Nijeriya da Kamaru, wato Gashaka-Gumti da ke jihohin Taraba da Adamawa, da kuma ɓangaren gandun Kuros Riba da ke kusa da Obudu. Iyali suka yi ta ba shi baki, suna kawo maganar nisa da lalacewar hanya da masu satar mutane. Ya saurare su ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya ce zuwa da kai ya fi aike.

Mutum biyu suka raka shi. Na farko ɗansa na fari, wanda ya ɗauki hutu daga wurin aiki ya karɓi tuƙi. Saboda alkunyar ɗan fari, dattijon ba ya kama sunansa. Idan yana son magana da shi sai ya ce "kai direba". Ta biyu jikarsa ce, 'yar wannan ɗan nasa, ɗaliba a shekarar ƙarshe ta kwalejin ilimi, wadda ke shirin fita gwajin koyarwa. Ita kuwa tsakaninta da kakan sai wasa, yana ce mata amarya, tana ce masa tsoho mai ran ƙarfe. Suka zaɓi watan Disamba, lokacin da ruwa ya ɗauke, rafuka suka janye. Suka ɗora safaya biyu da jarkar mai da ta ruwa da barguna, suka kuma yi wa kansu doka cewa duk garin da la'asar sakaliya ta riske su, nan za su kwana.

Zangon farko Yankari ne, ko da yake dajin fili ne. Dattijon ya nace a biya ta can, domin a tsohon littafin darasinsa sunan Yankari ne a saman jerin gandayen ƙasa. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, sa'an nan a 2006 aka mayar da shi hannun gwamnatin jihar Bauci. Sun ga gwaggon biri suna yawo tsakanin ɗakunan baƙi kamar su ne masu gida, sun kuma tsoma ƙafa a ruwan ɗumi na Wikki, wanda ɗuminsa ke tsaye a wajen digiri 31 rani da damina. Jikar ta buɗe sabon littafin rubutu, ta jera shekarun nan huɗu a shafin farko. Kakan ya leƙa ya ce, "Amarya, ki riƙa barin fili a gefe, akwai abin da zai zo wanda lamba ba za ta ɗauke shi ba."

Daga nan hanya ta miƙa gabas zuwa Gombe, ta karkata kudu ta ƙasar Tangale, inda duwatsu suka fara tsayuwa ɗai-ɗai a gefen titi wajen Kaltungo. A Numan suka haye Binuwai, a yankin da kogin Gongola ke zuba a cikinsa. Dattijon ya sa aka tsaya bayan gada, ya daɗe yana kallon ruwan da ya zana da alli sau ɗaruruwa. Yashi ya fito fari a tsakiyar kogin, masunta na tura kwale-kwale da gora, mata na wanki a gaɓa. Ya tambayi jikar wata nawa rabon da a yi ruwan sama a nan, ta ce zai kai biyu.

"To wannan ruwan daga ina yake zuwa?"

"Daga Kamaru mana, tsoho. Kai ka koyar da haka."

"Kamaru sunan ƙasa ne," in ji shi. "Tambayar ita ce, me ya riƙe ruwan damina har ya kawo rani? Ki ajiye ta sai mun hau sama."

Tun kafin su kai Jalingo, babban birnin jihar Taraba, jikar ta lura cewa sunayen garuruwa sun sauya murya. Allunan gefen hanya sun cika da kalmar Mayo, wadda ke nufin kogi a Fulatanci. Jefi-jefi kuma sai a ci karo da sunan Hausa tsantsa, irin su Mararraba da Sabon Gida, waɗanda ke nuna inda fatake da 'yan cin rani suka yada zango har zangon ya zama gari. A ƙarƙashin waɗannan duka akwai sunaye masu tsufa daga harsunan Mumuye da Jukun da Jibu, waɗanda ba kasafai taswira ke faɗin ma'anarsu ba. A nan jikar ta gane amfanin filin da aka ce ta bari. Ta raba shafi gida uku: sunan da ke kan taswira, yadda mutanen wurin ke furta shi, da abin da suka ce yana nufi. Duk inda aka tsaya shan mai ko sayen ayaba, sai ta gaida wata dattijuwa ta tambaya.

Tsakanin Bali da Serti taya ta yi faci, wannan kuwa ya ba su damar hira da wani mai faci da ya daɗe a bakin hanyar. Shi ya nuna musu kututturan da ke cikin daji, ya ba su labarin shekarun da manyan motoci suka riƙa wucewa dare da rana ɗauke da gungumen madobiya, itacen da masu sara ke kira madrid. Ana kai shi bakin teku, daga can a wuce da shi ƙasar Sin a yi kujeru da gadaje masu tsada. Sarar ta yi yawa a Afirka ta Yamma har a 2016 aka sanya madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu. Mai facin ya ce samari da yawa sun sayi babura da kuɗin, wasu sun yi aure, amma da itacen ya ƙare a dajin gari sai masu zarto suka fuskanci gandu. Dattijon ya yi shiru. Madobiya itace ne da ya sani tun yana yaro, makiyaya na sassaɓo ganyensa su ba dabbobi da bazara idan ciyawa ta ƙare.

A Serti ofishin gandun yake. Gashaka-Gumti shi ne mafi girman gandayen ƙasa a Nijeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma a 1991 aka haɗa dazuka biyu da aka keɓe tun da farko ya zama gandu ɗaya. Arewacinsa, wato Gumti, dajin fili ne mai dogayen ciyayi. Kudancinsa, wato Gashaka, duwatsu ne da kwazazzabai da kurmi. Aka haɗa su da wani ma'aikacin tsaron gandu, suka bi hanyar burji zuwa ƙauyen Gashaka. A kan tudun da ke kusa da ƙauyen akwai kufan sansanin sojan Jamus, domin wannan yanki yana cikin Kamarun Jamus kafin yaƙin duniya na farko. Bayan yaƙin ya koma hannun Ingila a matsayin amana, har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, inda mutanen arewacin yankin amanar suka zaɓi zama cikin Nijeriya, aka raɗa wa lardin suna Sardauna. Da ƙuri'ar ta faɗi wani gefen, da dutse mafi tsawo a Nijeriya wani daban ne.

A gandun akwai ɓauna da dorina da damisa da gadu, akwai kuma birin nan mai kama da mutum da ake kira cimfanzi, irin da ba a samunsa sai a Nijeriya da Kamaru. Ganinsa sai an yi doguwar tafiyar ƙafa cikin kurmi, wadda ta fi ƙarfin dattijon. Sun dai ga baƙaƙen birai masu farin gashi a kafaɗa da jela suna tsalle a ƙololuwar itatuwa. A bakin Mayo Kam, inda ruwa ke gudu garai-garai a kan duwatsu, ma'aikacin ya amsa tambayar Numan ba tare da ya san an yi ta ba. Ya ce iskar damina na tasowa daga teku ɗauke da danshi, idan ta ci karo da duwatsu sai ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da ruwa. Kurmi da ciyawar kan dutse su ne ke tare ruwan, ya nutse cikin ƙasa, ya riƙa tsattsafowa sannu a hankali har rani ya wuce. Daga waɗannan duwatsu kogin Taraba ke samun ruwa, daga tsaunin Mambila kogin Donga ke tasowa, su biyun kuma Binuwai suke ciyarwa. Idan aka aske dutse, ruwan zai sauko gaba ɗaya a damina ya zama ambaliya, da rani kuma kogi ya ƙafe. Jikar ta dubi kakan, shi kuwa ya yi kamar bai ji ba.

Abin da dattijon bai taɓa koyarwa ba, domin babu shi a littafinsa, shi ne cewa akwai mutane a cikin gandun. Lokacin da aka shata iyaka an bar wa makiyaya da manoma wasu yankuna a kan tuddai, inda aka amince su ci gaba da zama. Ranar kasuwa suka haɗu da wani arɗo da ya sauko daga Chappal Hendu, wato dutsen iska. Ma'aikacin gandun ya faɗi nasa kuka a gabansa: wutar daji da ake sakawa don sabuwar ciyawa ta tsiro takan ci bakin kurmi, shanu na ƙetare iyaka, mafarauta na shigowa da bindigogin da suka fi nasu. Arɗon ya saurara har ya gama, sa'an nan ya ce da Hausarsa mai gardin Fulatanci, "Malam, kai ne babba a nan, ka yi mana shari'a. Kakana a kan dutsen nan aka binne shi, tun ba a san za a yi gandu ba. Masu zarto da masu haƙar ma'adini ba 'ya'yanmu ba ne. Mu muka fara ganinsu, amma wa ke tambayarmu?"

A mota gardama ta tashi. Ɗan ya ce shi a ganinsa gandu gandu ne, a biya mutanen diyya a fitar da su, in ba haka ba nan da shekara ashirin babu abin da zai saura. Uban ya ce, "Kai direba, ma'aikata nawa ka gani a ofishin can? Za su iya tsare dajin da ya kai wannan girma idan mutanen cikinsa sun zama abokan gabarsu?" Ɗan ya ce, "Baba, to a bar su su ƙone shi ke nan?" Uban bai ce a bar su ba. Ya ce dai wanda ya san sunan kowane rafi da kowane kwazazzabo shi ne zai iya tsare su, shi ne kuma zai iya ɓata su, saboda haka abin dubawa shi ne wane ɓangare za a jawo shi. Ba su daidaita ba. Jikar ta rubuta maganganun biyu a shafuka masu fuskantar juna.

Daga Mayo Selbe hanya ke fara hawan tsaunin Mambila, tana lanƙwasa tana komowa, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗayan. Ɗan ya sa ƙaramar giya, motar na gurnani, har lagireto ya tafasa suka tsaya suka jira ya huce. Tsofaffin motocin Land Rover, waɗanda mutanen tsaunin suka daɗe da dogaro da su, suna wuce su ɗauke da buhuna da fasinjoji. Da suka kai Maisamari sai duniya ta sauya: tuddai masu ciyawa sun jeru iyakar ganin ido, babu itace sai layukan bishiyar turare da aka dasa, shanu jajaye da farare sun bazu a kan gangara. Tsaunin ya kai wajen mita 1,500 daga doron teku, kuma zafi kan ragu da kimanin digiri shida duk hawan mita dubu. Dattijon ya faɗi wannan ƙa'ida ga ɗalibai ba adadi, a ranar kuwa ya faɗe ta haƙoransa na karo, jikar na lulluɓa masa bargo tana yi masa dariya. Wannan sanyi ne ya sa ganyen shayi ke yi a Kakara, shi ne kuma ya hana ƙudan tsando zama, har makiyaya suka kwararo da shanunsu tun wajen tsakiyar ƙarni na 20.

A kasuwar Gembu, garin da mutanen Mambila ke kira Bommi, Fulatanci ne ya fi kai mutum nesa, Hausa na biye. Cikin rumfa ɗaya jikar ta ji harsuna uku daga rassa uku: Hausa ta rukunin Cadi, Fulatanci na rukunin Atilantika, da Mambila na rukunin Binuwai-Kwango. Ta tuna abin da aka koya musu a ajin ilimin harsuna, cewa Joseph Greenberg, wanda littafinsa na rabe-raben harsunan Afirka ya fito a 1963, ya nuna cewa daga wannan yanki na iyakar Nijeriya da Kamaru harsunan Bantu suka bazu, har suka haifi Swahili da Zulu. Amma kyan wurin bai ɓoye raunin da ke cikinsa ba. A watan Yunin 2017 an yi mummunan rikici kan filaye tsakanin manoma da makiyaya a wannan tsauni, aka rasa rayuka da dukiya. Ta lura cewa idan ta tambayi sunan wani tudu, amsar takan bambanta gwargwadon wanda ta tambaya, kuma kowa na faɗin nasa sunan ne kamar mai kafa shaida cewa wurin nasa ne.

Saura Chappal Waddi, wanda ake fassara sunansa da dutsen mutuwa. Mota ba ta kaiwa gare shi. Daga inda hanya ta ƙare sai tafiyar ƙafa ta kwanaki, da jagora da 'yan dako. Dattijon ya san ba zai hau ba, burinsa ya hango shi kawai. Suka bi ta Nguroje da sassafe har inda motar ta gaza, suka hau wani tudu a hankali, ɗan na riƙe da hannun uban. Hazon hunturu ya rufe gabas ruf. Wani yaro makiyayi ya nuna musu da sanda ya ce ga shi can, amma babu abin da ke can sai fari. Suka jira har rana ta yi tsaka, hazon bai yaye ba.

"Baba, mu kwana mu sake gwadawa gobe," in ji ɗan.

Dattijon ya girgiza kai, ya ce maganinsa ya kusa ƙarewa, kuma akwai sauran tafiya. Ya kira yaron ya tambaye shi sunayen tuddan da ake iya gani, da inda shanu ke shan ruwa da rani, da watan da ƙanƙara ke faɗowa. Yaron, wanda bai taɓa zama a aji ba, ya yi ta zuba bayani, jikar na rubutawa har shafi uku.

Suka sauko, suka bi ta Takum da Katsina-Ala zuwa Obudu, inda wata hanya mai lanƙwasa fiye da ashirin ke hawa zuwa gonar shanun da aka kafa a 1951. Daga can sama ana hango kurmin Okwangwo, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na gandun Kuros Riba, wanda shi ma a 1991 aka kafa shi. A cikin irin wannan kurmi, nan da tsallaken iyaka a Kamaru, gorilar Kuros Riba ke zaune, kuma adadin da ya rage bai wuce 300 ba. A nan ma suka tarar akwai ƙauyuka a tsakiyar gandun, mutanensu na neman hanyar mota da asibiti, ma'aikata na tsoron abin da hanyar za ta shigo da shi. Harshe ya bambanta, addini ya bambanta, amma matsalar ita ce ta Gashaka. Ɗan, wanda ya ce a fitar da kowa, ya daɗe yana hira da wani manomin koko, ya dawo mota bai ce komai ba.

Kwana goma sha huɗu suka yi kafin su koma Kano. Dattijon ya kwanta jinyar gajiya ta mako guda, da ya tashi ya miƙa wa jikar tsofaffin taswirorinsa duka. An tura ta gwajin koyarwa wata makarantar ƙauye, inda aka ba ta darasin duwatsu da kogunan Nijeriya. Ta rubuta Chappal Waddi da tsawonsa a allo, domin zai fito a jarrabawa. Sa'an nan ta ba yaran aikin gida: kowa ya tambayi kakarsa sunan dutsen da ke bayan gari da ma'anarsa, ya tambayi inda rafin da suke ɗiban ruwa ya taso, da ko a da yakan kai bazara bai ƙafe ba. Washegari yara suka zo da sunaye uku na dutse ɗaya, da labarin wata kuka da wani kurmi da ke bakin rafin kafin a sare su. Malamin da ya zo duba ta ya tarar aji na ta gardama kan wane suna ne na asali, ita kuwa tana tsaye ta raba allo gida uku.